Kibiya Mai Lanƙwasa

Sae Sabuwa, ranar Talata

Zuwa ga ƙanena Mas'ud,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da aikin likita da mutanen Gazawa. Mu nan lafiya lau, sai zaman takaba. Ikilima ta yi ɗan zazzaɓi, ya sauka. Inna Shatu, uwar marigayi, ƙafa ce ke damunta, bakinta kuwa ƙalau yake.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali da waya a gidan. Rabona da biro tun lakol, tun ina ƴar makaranta, ka yi haƙuri da rubutun. Ba zan iya kiranka ba, kuma ina roƙonka kada ka kira lambar Zakariyya. Ga dalili.

Ka tuna bara da mutanen furojen itatuwa, ƙungiyar nan mai aikin raya daji, suka zo gonarmu? Sun tsayar da Zakariyya gindin gawon nan da ya raina tun yana kututture, ya yi musu bayanin yadda yake sassabe, yadda yake barin tofo biyu ko uku ya datse sauran. Suka ɗauki hotonsa da muryarsa suka sa a intanet. Wani ma'aikacinsu ya buɗe masa wurin a wayarsa, Zakariyya ya dinga nuna wa mutane har suka fara kauce masa a masallaci. Ranar da ciwon ya kama shi ma wani baƙo yake nuna wa, ya ajiye wayar yadda take.

Bayan an yi bakwai na danna maɓallin gefe, fuskar wayar ta yi haske, sai ga shi, hula a karkace, yana dariya. Na taɓa wani ɗan abu mai kusurwa uku a ƙarƙashin hoton, ya soma magana. Mas'ud, zama na yi a ƙasa.

Tun ranar ban bar wayar ta fita daga wurin ba. Ban taɓa komai ba sai wannan ɗan abin. Ba na barin batir ya mutu, kullum tana jone da solar da ya saya. Sau ɗaya wani da bai ji rasuwar ba ya kira, fuskar ta canza, Zakariyya ya ɓace, na tsaya ina kallonta tana ruri har ta gaji, sannan ya dawo. Ban ci abinci ba ranar.

Ikilima ba ta cika shekara uku ba, ba za ta tuna shi ba. Kullum da safe in na yi mata wanka sai in kunna mata a hankali cikin ɗaki, ta ce Baba. So nake ta girma tana jin muryar nan.

To ga inda na maƙale. Yahaya, wan marigayi, ya ce wayar tana cikin gado. Da na fita takaba za a haɗa ta da amalanke da tumaki malam ya raba, kuma wai sayar da ita za a yi. Ba wanda na faɗa wa a gidan nan. In Inna ta ji, cewa za ta yi ina hana ɗanta kwanciyar kabari. Kai ka san waɗannan abubuwan. Yaya ake fitar da shi daga cikin wayar nan a sa a wata?

Ka ba Audu direba amsar. Shi zai ba Safina mai ƙuli-ƙuli a tashar Maradi ta kawo mini.

Yayarka,
Hasiya

Gazawa, ranar Litinin

Yaya Hasiya,

Wa'alaikumus salam. Na sami takardarki, na karanta ta a tsaye tsakanin allura da allura. Allah ya jiƙan Zakariyya, ya ba ki haƙuri. In zazzaɓin Ikilima ya dawo kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai ta likita a gwada jini. Nan damina ta cika mu da yara, majo, shugaban asibitinmu, ya tafi horo, ni kaɗai ne da ungozoma. Ko Agiye ban leƙa ba tun ranar da na dawo daga ta'aziyya.

Yaya, na yi kuka da na karanta, sannan na yi dariya, ki yafe mini. Ke da kika koya mini ƙidaya da duwatsu, yau waya ta ɗaure ki a ɗaki kamar akuya a turke. Ki kwantar da hankalinki. Zakariyya ba ya cikin wayar nan, ba abin da za a fitar.

Bari in yi miki bayani. Hoton da muryar suna ajiye can a wurin mutanen furoje. Wayar leƙe kawai take yi, kamar taga. Abin da ake leƙen da shi sunansa nabigater, shi ne wanda yake buɗe a gabanki. Kowane shafi a intanet yana da adireshinsa, duk wanda ya san adireshin zai same shi daga kowace waya, ko a Makka yake.

Ki duba can sama, za ki ga wani dogon fili da ƙananan haruffa, da ɗige-ɗige da sanduna a karkace. Wannan shi ne adireshin. Ki taɓa shi sau ɗaya don ya fito duka, ki kwafe mini shi a takarda, harafi harafi, kada ki tsallake ko ɗigo ɗaya, kada ki bar fili a tsakani. In allon haruffa ya taso daga ƙasa kada ki firgita. A gindin wayar akwai ƴar kibiya mai kallon hagu, ita ce ta komawa baya. Duk inda kika ɓata, ki danna ta, za ta maido ki inda kika fito.

Da na sami adireshin zan buɗe a tawa wayar, in ajiye muryar, in sa wa Ikilima a katin memori. Shi ke nan, Yahaya ya kai wayar kasuwar Cadakori in ya so.

Ki gaishe da Inna, ki riƙa fitowa tsakar gida kina shan iska.

Ƙanenki,
Mas'ud

Sae Sabuwa, ranar Jumma'a

Mas'ud,

Salam. Muna lafiya. Takardarka ta kwana biyu a hanya, Safina ba ta je Maradi ba saboda gulbi ya cika, har na ɗauka ka manta da ni.

Na karanta inda ka ce Zakariyya ba ya cikin wayar. Na gode da tuni. Na san inda yake, ina tsaye aka fita da shi a makara. Ban haukace ba tukuna. Kuma akuyar da ka ce, ita ta goya ka lokacin da kake zubar da majina, ka riƙa tunawa.

Na yi abin da ka ce. Sai da na yi alwala na yi bisimilla kafin in taɓa wancan filin na sama. Ina taɓawa allon haruffa ya taso ya rufe shi har wuya, wasu rubuce-rubuce suka zubo suka rufe sauran. Na nemi kibiyar taka na rasa, ashe da allon ya taso ta juya tana kallon ƙasa, ba ka faɗa mini haka ba. Na danna ta hakanan, na sake dannawa, ya dawo. Sau uku ina shiga ina fitowa kafin in gama kwafewa, don adireshin ya fi filin tsawo, sai an ja shi da yatsa. Yana nan a bayan takardar nan. Akwai wani da ban gane ba ko sifili ne ko o, na zana maka shi yadda yake.

Satin nan hadari bai bar rana ta fito ba. Batir ya sauka har ya yi ja. Na cire ƙwan fitilar ɗakin Inna daga solar don wayar ta samu, ta yi ta faɗa tana cewa, "Mi kike yi da wayag ga ne, Hasiya? Mai takaba da tazbaha aka sani, ba da waya ba. Wa ka kiranki?" Ka ji inda maganar ta nufa. Ba zan iya cewa ɗanki nake saurare ba, ba zan kuma iya cewa ba kowa ba.

Jiya Yahaya ya tsaya bayan zana ya ce tunda ba a kira da ita, in ba shi ya ajiye kafin ranar rabo. Na ce sai ranar. Ya ce, "Hasiya, ba mu san ki da riƙon abin marayu ba." Ni ce mai riƙon abin marayu. Marainiyar tana goye a bayana yana faɗin haka.

Takaba ta kusa ƙarewa. Sauran mata murna suke in sun kusa fita, ni kuwa tsoron ranar nake. Ko bayan gida zan zaga sai na tura wayar ƙarƙashin katifa, in dawo da gudu in duba. Ba na barci sosai. Na gaji, Mas'ud, wallahi na gaji. Ka yi sauri.

Hasiya

Gazawa, ranar Alhamis

Yaya Hasiya,

Salam. Ina lafiya, sai dai na rame. Ki yi haƙuri da maganata, ba abin da nake nufi ke nan ba. Akuyar ma na janye ta. Rubutunki ya fito tsaf, o ne ba sifili ba.

Ban samu na buɗe adireshin ba tukuna. Tun da iska ta taɓa ƙarfen rezo na nan, mai kamo layin waya, kira ma da ƙyar yake shiga, intanet kuwa sai dai ka ga abu yana juyawa har ka gaji. Ranar Asabar zan kai rahoto Agiye, can zan yi. Amma ba na so ki zauna cikin wannan hali har sai na je. Maganar Inna da ta Yahaya ba ta yi mini daɗi ba, kuma duk tsoro ne ya jawo, tsoron abin da babu shi.

Don haka ga magani, ki sha shi a gaban idonki. Na tura wa lambar Zakariyya forfe, wato data ta intanet. Ki fito tsakar gida inda rezo ya fi ƙarfi. A sama ta hannun dama akwai ɗigo uku a jere, ki taɓa. Za ki ga tauraro, ki danna shi, wannan yana sa wa shafin alama kamar yadda ake naɗe gefen takarda. Kusa da shi akwai wata kibiya mai lanƙwasa, ta zagayo kamar za ta ciji wutsiyarta. Aikinta ta zubar da shafin da ke gabanki ta je ta ɗebo sabo daga inda yake ajiye. Ki danna ta. Fuskar za ta yi fari na ɗan lokaci, kada ki tsorata, sai ki ga ya dawo. Ki yi sau biyu, sau uku, har zuciyarki ta yarda.

In kin ga wani abu daban, ki koma ɗigo ukun, ki nemi inda aka rubuta istorik. Nan ne wayar take jera duk wuraren da aka shiga. Ki taɓa na sama. Ba yadda za a yi ki ɓata, Yaya, na rantse miki. Intanet ba ya mantuwa.

Da kin gani da idonki, ki kashe wayar ki miƙa wa Yahaya da hannunki, ki yi barci.

Mas'ud

Agiye, ranar Asabar

Yaya,

Kada ki danna kibiyar nan. Kada ki taɓa komai. In takardata ta Alhamis ta iso, ki yaga ta.

Ina Agiye. Na rubuta adireshin a wayata, bai buɗe ba. Na ce ko ni na yi kuskure, na shiga buro, wato ofis, na sa aka gwada a ordinater, kwamfutarsu, aka cire wutsiyar adireshin aka bar kansa kaɗai, duk ɗaya. Wani da ya yi aiki da su ya ce furojen ya ƙare tun kafin azumi, sun tattara sun tafi, ba wanda ke biyan kuɗin wurin da aka ajiye shafukan, an rufe. Na nemi lambar ma'aikacin da ya buɗe wa Zakariyya, ba ta shiga.

Abin da ke gabanki ragowar da wayar ta riƙe ne tun ranar da aka buɗe. Ban san wani wuri da ya rage ba sai nan.

Ki ari kowace waya, ko ƙaramar Safina, ki kunna muryar ki ɗauka da ita. Ki ɗauki hoton ma. Ko Inna za ta ji, ta ji.

Ban kira lambar ba don kada kiran ya ture shafin. Na kira Yahaya, yana kasuwar Cadakori cikin hayaniya, na ce ya gaya miki kada ki yi abin da na rubuta. Ya ce to. Audu na jiran takardar nan da mota a kunne. Da akwai wanda zan bar wa yaran nan da ni zan zo da kaina.

Mas'ud

Sae Sabuwa, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanena Mas'ud,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na fita takaba shekaranjiya, an yi sadaka, mata sun zo, an yi mini kitso. Ƙafar Inna da sauƙi. Gero ya fara fitar da kai.

Takardarka ta Alhamis ta zo ranar Asabar da hantsi, Safina ta samu mai babur. Ta Agiye kuwa sai jiya. Yahaya ya kwana a Cadakori, ya dawo ranar Lahadi, ya tsaya bayan zana ya ce, "Ƙanenki ya kira, wai wata magana ta takarda, ban ji shi da kyau ba."

Na karanta ta Alhamis sau da yawa kafin in tashi. Zuciyata ba ta so. Amma na ce yaron nan ya yi karatu, ya rantse, kuma ni na gaji da zama mai gadi. Na kunna muryar na saurara har ƙarshe, na share fuskar wayar da bakin zane, na fito tsakar gida kusa da turmi. Na taɓa ɗigo uku. Na danna tauraro, ya cika da launi, har na ji daɗi. Sannan na danna kibiyar.

Ta yi fari kamar yadda ka ce. Na jira. Wani ɗan layi ya yi tafiya a sama ya tsaya. Sai rubutu ya fito da Faransanci, na karanta da ɗan abin da ya rage mini na lakol, wai ba a iya isa wurin ba. Na sake dannawa, tunda ka ce sau biyu, sau uku. Na danna kibiyar baya, ta fitar da ni waje gaba ɗaya, na nemo hanya na koma ciki da kaina. Na shiga istorik, ga sunan shafin nan a sama, har da sunansa, Zakariyya, na taɓa, fari. Na bi ta tauraro, fari. Na rubuta adireshin da yatsana, harafi harafi, ban tsallake ɗigo ba. Duk abin da ka koya mini na yi shi daidai, ban ɓata ko sau ɗaya ba. Ka iya koyarwa.

Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Ranar nan, da a ce takardarka tana hannuna, da na jefa ta murhu. Da ta Agiye ta zo na ga yadda rubutunka ya karkace, na san kai ma ba ka ci abinci ba. Ba zan ce maka ba komai ba, don ƙarya ne. Amma yatsana ne ya danna, kuma ko ban danna ba, wata rana hadari zai daɗe ko Yahaya ya shigo ya ɗauka. Kada ka bar marasa lafiya ka taho, ba abin da za ka tarar.

Inna ta same ni a gindin turmin. Na faɗa mata duka, don ba sauran abin ɓoyewa. Na jira faɗa. Sai ta ce, "Muryatai na cikin gidan ga duk watannin nan, ba ki kira ni na ji ba?" Ta shiga ɗaki. Wannan ta fi mini komai ciwo.

Na ba Yahaya wayar. Ya yi mamaki da ban yi gardama ba.

Maganar da ke ciki na haddace ta, daga sallamar da ya yi wa mutanen har inda ya ce itace ba ya son gaggawa ya yi dariya. Ba abin da ya ɓace mini a kalmomin. Jiya da safe na yi wa Ikilima wanka, ta je bakin katifa tana lalube inda na saba ajiyewa. Na ɗauke ta na zaunar a cinyata, na ce zo ki ji Baba. Na soma faɗa mata tun daga farko, na kaurara muryata yadda zan iya, na tsaya inda yake tsayawa. Ta saurara tana kallon bakina. Ban kai rabi ba ta sa hannu ta rufe mini baki, ta ce, "Ba ke ba. Baba."

Ka gaishe da abokan aikinka. Allah ya ba yaran lafiya.

Yayarka,
Hasiya